Lakar Cikin Gwangwanin Madara

Ruwan ya tafi, amma warinsa ya ce shi ba inda za shi. Kwana goma sha ɗaya da janyewar ambaliya, har yanzu in Auta ta buɗe baki a tsakar gidansu sai ta ji kamar ta lashi gindin kwata. Bangon ɗakuna duk ya yi baƙin layi iya ƙugu, miƙaƙƙe kamar da rula aka ja shi, a ƙasan layin kuma gansakuka ta fara tsirowa. Katifu uku na jingine da katanga suna tsami. Ramin masai da ke kusurwar gidan ya tumbatsa tun ranar farko, ya haɗu da na maƙwabta, ya haɗu da mushen kaji da na wata akuya da har yau ba a san mai ita ba, suka yi kwana huɗu suna zagaya tsakar gida kamar baƙin da ba su san hanyar fita ba.

Auta ita ce ƙarama a gidan, kuma tun tana yarinya Allah ya yi ta da ƙyanƙyami. Ko silin gashi ta gani a abinci, to ta gama cin ranar. Ga ta kuma ba ta magana. Inna, mahaifiyarsu, kan ce bakin Auta ya tafi hutu ya bar idanu suna gadi. To mai wannan hali ce, da ta gama sakandare, ba ta samu aiki ko'ina ba sai a ɗakin gwaji na asibitin unguwa, inda take wanke kwalabe da faranta waɗanda aka zuba musu duk abin da jikin ɗan Adam ke fitarwa. Safar hannu biyu take sawa, ɗaya a kan ɗaya.

Da ambaliya ta wuce sai aikin ya ƙaru. Aka ce a gwada ƙasar gidaje da ta makarantu, a ga inda ruwa ya bar ƙwayoyin cuta, don a san inda za a kankare a zuba magani. Madam, shugabar ɗakin gwajin, ta haɗa Auta da Dogo, ma'aikacin da ke fita ɗibar ƙasa. Dogo na ɗiba da cokalin da aka dafa, Auta na riƙe leda tana rubuta lamba.

"Kada ku kawo mini yashi," in ji Madam tun ranar farko. "Yashi ba ya riƙe komai. Ku nemi inda ruwa ya fi daɗewa a kwance, inda ya bar laka mai santsi, ta bushe ta tsattsage tana nannaɗewa kamar ɓawo. Nan dattin ya zauna ya miƙe ƙafa."

In sun dawo, sai a jiƙa ƙasar a ruwa mai tsabta, a girgiza, a ɗiga kaɗan a kan wasu ƙananan faranta masu murfi da aka zuba wa abincin ƙwayoyin cuta, wani jan abu daskararre mai sheƙi. A jera su cikin akwatin ɗumi, a rufe. Da safe in an buɗe, abin da ido bai gani jiya ba ya hayayyafa ya yi ɗige-ɗige a kan farantin. Wari kuwa ba a magana. Dogo kan toshe hanci ya ce, "Madam, baƙinki sun ƙoshi, har sun yi gyatsa."

"Dogo, da bakinka ne ke ɗibar ƙasa da tuni mun gama garin nan," Madam kan ce.

Auta ba ta dariya. Numfashi take riƙewa har sai ta kai bakin taga.

A gida kuwa hankalin kowa na kan mutum ɗaya, matar yayanta, wadda Auta ke kira Anti. Cikinta wata bakwai. Sau biyu tana ɓari kafin wannan, na biyun har an ɗinka 'yan riguna. Yaya direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba, don haka Inna ce ke tsaronta kamar ƙwai a cokali. Ko bokiti ba ta bari ta ɗaga. Ranar ambaliya ma Inna, da tsufanta, ita ta tura ta saman tebur ta tsaya cikin ruwa tana riƙe da ƙafafunta.

Anti mace ce mai fara'a da tsokana. Ita ta raɗa wa Auta "Likitan kwalabe". Da ta ga ta shigo sai ta ce, "Ga Likitan kwalabe nan, a ba ta sabulu kafin ta suma."

Ranar Asabar aka tashe su daga aiki da wuri. Auta ta shigo gida da rana tsaka, Inna ta fita dubiya, gidan shiru sai ƙudaje. Ta hango Anti a tsugune can kusurwa, bayan duron ruwa, daidai inda katangar masai ta zube. Nan ne ruwan ya fi daɗewa, don wurin ya fi ko'ina gangare. Auta ta san wurin. Kullum ta wuce sai ta ce a ranta, da Madam ta ga wannan laka da ta yi murna.

Da cokalin shayi a hannun Anti. Tana ɓamɓaro ɓawon lakar a hankali, ta ɗaga, ta juya shi, ta hure, in bai yi mata ba ta yar, in ya yi ta jefa cikin wani gwangwanin madara. Auta ta zaci shara take, har ta buɗe baki za ta ce Inna fa ta hana. Sai ta ga Anti ta zaɓi wani mai faɗi, ta kai baki.

Ƙurus.

Ta lumshe ido tana tauna, kamar wadda aka ba abin da ta shekara tana nema. Ta lashe yatsa. Ta sake ɗaukar wani.

Yawu mai ɗaci ya cika wa Auta baki. Ta ja da baya a hankali har zaure, ta dafa bango, ta tuna bangon ma abin da ya sha, ta janye hannunta da sauri. Ta daɗe a tsaye kafin ta yi gyaran murya ta sake shigowa da sallama kamar yanzu ta iso.

"Likitan kwalabe! Yau an kore ki ne?" Anti ta taso tana gyara zani, ba gwangwani a hannunta. Ta yi murmushi. A tsakanin haƙoranta na gaba akwai wani siririn layi ruwan ƙasa.

"An tashe mu ne," in ji Auta, idonta a ƙasa.

Da yamma Anti ta sha ruwa ta miƙo mata kofin. Auta ta karɓa ta riƙe har ruwan ya yi ɗumi, ta faki ido ta zubar.

Ta kwana biyu da maganar a maƙogwaro. Ta faɗa wa Inna? Inna ba ta iya riƙe magana ba. Kafin la'asar dangi kaf sun ji, kuma sai an tono ɓarin nan biyu an ce dama ita ta jawo, ko da kuwa ba haka ba ne. Ta kira Yaya a waya? Yana kan hanya da mota cike da kaya, a faɗa masa wannan? Ita kanta Antin kuwa, ta girme ta da shekara takwas. Da wane baki za ta dube ta ta ce na ga abin da kike ci?

Ta gwada sau ɗaya. "Anti."

"Na'am, uwar tsabta."

"Ba komai."

"To Allah ya ƙara mana ba komai."

Ranar Litinin da safe, Anti ta shiga wanka, Inna na bakin murhu, Auta ta faɗa ɗakin Yaya. Ta duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado. A cikin akwatin kayan jariri ta samu gwangwanin, kwance tsakanin 'yan huluna da safa, an lulluɓe shi da farin tawul ɗin da Inna ta wanke ta goge da hannunta. Garin laka ya zuba a kan wata 'yar riga mai maɓalli uku. Auta ta ciji leɓe. Ta sa safar hannu, ta ɗebi ɓawo huɗu a ledar aiki, ta mayar da komai yadda yake.

Madam ta riga ta ce duk ma'aikacin da ruwa ya shiga gidansu yana iya kawo tasa ƙasar. Don haka ba wanda ya tambaye ta. Lambar da ta biyo a layi ita ce arba'in da ɗaya. A gurbin da ake rubuta inda aka ɗebo, ta daɗe riƙe da biro, sannan ta rubuta "gida".

Da suka fita ɗiba ita da Dogo a filin wata makaranta, ta yi ta maza ta ce, "In ƙasa ta bushe a rana fa? Ai ƙwayoyin cutar sun mutu ko?"

Dogo ya saki cokali ya dafe ƙirji. "Jama'a ku zo, bango ya yi magana!" Da ya ga ba ta ɗago ba, sai ya ɗauki wani ɓawon laka ya karya shi biyu. "Duba nan. Bayan ne ya gasu. Cikin fa?"

Cikin baƙi ne, da sauran danshi.

"Rana mai gyaran fuska ce kawai," in ji Dogo. "Kamar kwalliyar gwaggota."

Washegari Madam ta sa Auta ta fito da faranta. Ta buɗe akwatin ɗumi ta zura hannu. Kullum tana yin haka, amma yau ne ta lura da irin ɗumin. Ba na wuta ba ne, ba na rana ba. Irin na hammata ne, irin na wurin da mutum ya tashi daga kai. Ta dubi lambar da ke jikin ƙofar.

"Madam, me ya sa kullum talatin da bakwai?"

Madam ta sauke tabarau ta dube ta. "Ikon Allah. Sati ɗaya, magana biyu. Zafin jikin mutum ke nan, 'yata. Yaudararsu muke yi. Su zaci a cikin mutum suke, su saki jiki su hayayyafa."

Auta ta ajiye farantan a kan tebur don kada su suɓuce mata.

Na makarantar nan ɗigo biyar ne ko shida. Na bakin kasuwa ya fi yawa. Da aka zo kan arba'in da ɗaya, Madam ta ɗauki farantin. Ta ɗaga shi saitin fitila. Ba a ma ganin jan abincin. Ɗige-ɗigen sun haɗe sun zama wani kumburarren abu ruwan hoda mai yauƙi, kamar majina, har ya taɓo murfi. A faranti na biyu na wannan lambar kuma wasu ne farare-farare, kowanne da baƙin ɗigo a tsakiya, kamar idanun kifi ɗari suna kallon mutum. Ko da murfin a rufe, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ce."

"Daga cikin ramin masai kika kwaso?"

"A'a."

Dogo ya leƙo ta kafaɗar Madam ya yi fito. "Wallahi wanda ya zaɓo wannan ya fi ni iya aiki. Sati biyu ina yawo cikin rana ban samo mai kyan wannan ba. Auta, za ki ƙwace mini kujera."

"Ko ma ina ne," in ji Madam, "kada wanda ya taka wurin ba takalmi. Yara kada su kusance shi. Masu baƙin idon nan dangin masu kawo zawo da zazzaɓin hanji ne, sai na ƙara gwadawa in san ko wanne ne. Akwai mai ciki ko tsoho a gidan?"

Auta ta gyaɗa kai.

"To ki kula da su."

Da Madam ta juya, Auta ta ɗauki hoton farantan da wayarta.

Ta samu Anti a ɗaki tana kwance, ta dafe mara. Inna na wanki a waje.

"Lafiya, Anti?"

"Cikina ne ke ɗan murɗawa. Sau uku ina zagayawa tun safe. Kada ki faɗa wa Inna, yanzu sai ta tara mini unguwa."

Auta ta tura ƙofa. Ta zauna a bakin gado, can nesa da akwatin kayan jariri. Ta miƙa mata wayar.

Anti ta karɓa, ta buɗa hoton da yatsu biyu. "Kai, wannan zane ya yi kyau! Ruwan hoda da ja. In an samu atamfarsa ki ce a ajiye mini."

"Lakar cikin gwangwaninki ce."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Anti ta ajiye wayar a kan zanin gado a hankali.

"Bincike kike mini a ɗaki?"

"Na gan ki ranar Asabar."

"Lallai Inna ta yi gaskiya, idanu na gadi." Ta tashi zaune da ƙyar. "To ji nan, Likitan kwalabe. Ni ba mahaukaciya ba ce. Ba kowace ƙasa nake ci ba. Zaɓe nake yi. Mai yashi ba na taɓawa, mai tsakuwa ba na taɓawa. Sai mai laushin nan, mai santsi, wadda ruwa ya tace da kansa. Sannan in shanya ta a rana. Me ya fi wannan tsabta? Uwata ta ci da cikina, kakata ta ci, ga ni nan ban mutu ba."

Mai laushi, mai santsi. Kalmomin Madam ne sak, babu ragi. Abin da Madam ke nema don shi ya fi datti, shi Anti ke nema don a ganinta shi ya fi tsabta. Auta ta so ta faɗi haka, amma maganar ta yi mata yawa a baki, ta rasa ta ina za ta fara.

"Tasu ba ta masai ba ce," kawai ta iya cewa.

"Ke dai ba ki sani ba." Muryar Anti ta sauka. "Kin zaci daɗi ne ya sa? In na wuce wurin nan, ƙamshinta kamar ta kama ni da hannu. Yawuna ya tsinke. In yi alkawari da safe, kafin azahar na karya. Abinci kuwa kamar takarda nake tauna." Ta kama hannun Auta. Auta ta ga ƙasa a ƙarƙashin faratanta, ta daure ba ta fizge ba. "In Inna ta ji wannan, ni da ke har abada. Kin san abin da za a ce game da ɓarin nan biyu."

"Ba zan faɗa mata ba."

"Yauwa 'yar ƙanwata."

"Gobe ranar awonki ce. Ni zan raka ki."

Da safe suka tafi tare. Sashen awon masu ciki da ɗakin gwaji gini ɗaya ne, baranda ce ta raba su. Layin ya yi tsawo, mata sun cika benci suna fifita da katunansu. Auta ta karɓa mata lamba, sannan ta ce, "Kafin a zo kanki, zo ki ga inda nake aiki."

"In ga kwalabe?"

"Zo dai."

Baƙo ba ya wuce bakin ƙofa, don haka nan Anti ta tsaya tana leƙe, tana gaisawa da Dogo. Madam na shirin zuba farantan jiya a tukunyar da ake dafa su a kashe abin da ke ciki. Auta ta sa safar hannu, ɗaya a kan ɗaya.

"Madam, matar yayana ce. Don Allah ki nuna mata na gidanmu kafin a dafa."

Madam ta dubi cikin Anti, ta ce, "Tsaya daga nan, kada ki matso." Ta ɗago arba'in da ɗaya, murfinsa a naɗe da salatif. Kwana ɗaya da ya ƙara ya sa abin ya yi kauri, ya fara zama ruwa-ruwa a gefe. Ba ruwansa da atamfa yanzu. Warin ya riga Madam isa bakin ƙofa. Anti ta ja gefen mayafi ta rufe hanci.

"Kin ga masu ruwan hodar nan?" in ji Madam. "Gidansu hanji ne, na mutum ko na dabba. In kin gan su da yawa haka a ƙasa, ba sai an yi miki dogon turanci ba. Kashi ne ya kwanta a wurin, ruwan ya tafi ya bar shi."

"Amma ai ta bushe," in ji Anti ta cikin mayafi.

"Busasshen kashi sunansa kashi. Na faɗa wa ƙanwarki, wurin nan ko takawa kada a yi ba takalmi, balle ke mai..."

"Ba takawa ake yi ba, Madam."

Auta ce. Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, har ita kanta ta tsorata. Kowa ya juyo.

"Ci ake yi."

Dogo, wanda bai taɓa rasa abin cewa ba, ya ɗauki akwatin ɗibarsa ya bi ta gefen Anti ya fice, kansa a sunkuye. Anti ta zuba wa Auta wani kallo da ya fi mari zafi.

Auta ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta sake farawa ba. Ta cire safar, ta kamo hannun Anti ta jawo ta taku biyu, ta ɗora tafinta a jikin akwatin ɗumi.

"Ji. Kin ji ɗumin? Madam ta ce na jikin mutum ne. Ɗigo ɗaya aka sa a farantin can, kwana ɗaya ya zama haka. Ɗigo ɗaya, Anti. Ke kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Anti ta zare hannunta daga jikin akwatin ta ɗora a kan cikinta. Ɗumin ɗaya ne. Ta dubi farantin, ta dubi cikin, sai maƙogwaronta ya motsa. Auta ta san alamar. Ta ja ta da gudu zuwa wurin wanke kwalabe.

Anti ta yi ta amai kamar za ta fitar da hanjinta. Abin da ya fito ruwan ƙasa ne, mai kauri, har da guntayen da ba su narke ba. Ya fantsama a hannun Auta, hannun da ba safa. Tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙafa har ƙeya, idonta ya kawo ruwa, ita ma cikinta ya yunƙuro. Ta haɗiye. Ta riƙe goshin Anti da hannu ɗaya, ta buɗe famfo da ɗayan.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta jefa farantin a tukunya ta rufe, ta wanke hannu, ta kawo kujera.

"Tun yaushe?"

"Sati... sati ɗaya da wani abu," in ji Anti tana haki. "Da can ta jikin bango nake ɗan lasa."

"Zawo fa? Zazzaɓi?"

"Zawo tun jiya."

"Ba ke kika fara ba, ba kuma ke ce ta ƙarshe ba. Sau da yawa ƙarancin jini ne ke sa wannan kwaɗayin. Tashi mu je wurin nas, ba za ki bi layi ba yau."

Aka ɗebi jininta, aka karɓi bayan gidanta a 'yar kwalba, wadda Auta ta san ita za ta wanke. Nas ta ja fatar idon Anti ƙasa ta ce fari fat kamar takarda. Ta sa abin sauraro a kan cikin Anti, ta daɗe tana matsar da shi, Auta na tsaye ta kasa ko ƙifta ido. Can nas ta ce, "Ga jaririn nan, zuciyarsa na bugawa kamar mai bin bashi a bakin ƙofa." Ta ba da magunguna, da na ƙarin jini, da garin da ake haɗawa a ruwa saboda zawo. Ta ce su dawo jibi a ga sakamako, in kuwa zazzaɓi ya zo ko da awa ɗaya ne kada a jira jibin.

A hanyar gida Anti na gaba, Auta na baya riƙe da ledar magani, suna tsallake kwatocin da suka cushe. Sai da suka kai ƙofar gida ta juyo.

"A gaban ƙato. Kin rasa inda za ki tona mini asiri sai a gaban wannan zanƙalelen."

"Ki yi haƙuri."

"Shekara nawa ba ki magana, ranar da kika tashi yi sai da kika tara jama'a."

Ta shige ɗaki. Auta ta tsaya a tsakar gida, ba ta san ko ta bi ta ba. Ba a jima ba Anti ta fito da gwangwanin madarar ta dangwara mata a gaba. Ta koma. Ta sake fitowa da wata robar man shafawa, cike. Ta tsaya tana tunani, sannan ta kwance ƙullin bakin zaninta ta zazzage wasu guda uku a kai.

"Shi ke nan?" in ji Auta.

Anti ta harare ta. Ta sa hannu cikin rigarta ta fito da ɗaya.

Daidai nan Inna ta fito daga kicin tana goge hannu. "Me nake gani haka? Tarkacen mene ne wannan a tsakar gida?"

Anti ta daskare. Auta ta ji bakinta ya bushe, amma yau ya riga ya buɗe.

"Na wurin aiki ne, Inna. Madam ce ke son ƙasar kusurwar can. Anti ta taya ni ɗiba."

"Ta taya ki me?" Inna ta saki tsumman hannunta. "Ke Auta, ashe shirunki na mugunta ne? Yarinyar da ko tsintsiya na hana ta ɗauka, ita kika sa tsugunno a bakin masai? Da cikin? Ke da ko ƙuda ya sauka a kofinki sai kin wanke sau bakwai, ita ce ba ta da hanci?"

Ta yi ta yi. Ta tono laifin Auta na bara da na bara waccan. Auta ta sunkuyar da kai ta shanye, tana kwashe kayan cikin leda biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Da Inna ta gaji ta ce, "Kuma yau ɗin nan a kankare wurin can a zuba magani, na gaji da ganinsa," Auta ta ce to.

Ta ɗauko shebur ta sa takalmin roba. Lakar na ɓarewa, ƙasanta baƙi ƙirin, wari na tasowa sabo kamar ranar farko, tsutsotsi farare na mutsu-mutsu suna neman wurin ɓuya. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, duk da haka sai da ta tofar da yawu ya fi a ƙirga.

Anti na zaune a bakin ƙofarta da kofin ruwan magani, tana kurɓa tana yatsina fuska. Iska ta kaɗo ƙurar busasshen ɓawon zuwa wajenta. Auta ta ga hancinta ya buɗe, ta ga ta haɗiyi yawu, ta ga ta kawar da kai da ƙyar.

"Likitan kwalabe," ta kira a hankali, yadda Inna ba za ta ji ba.

"Na'am."

"Har yanzu fa tana kirana."

"In nuna miki hoton?"

"Rabu da hoton nan, kyau yake mini. In kin ga ƙafata ta nufi inda bai kamata ba, ki ce arba'in da ɗaya kawai."

"To."

"Da ƙarfi fa. Irin na ɗazu."

Auta ta cika buhu na biyu ta ɗaure bakinsa. Ta je bakin duro ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta ɗauraye, ta shinshina, ta sake ɗaukar sabulun. Sannan ta shiga ɗakin Yaya ta kwaso kayan jaririn gaba ɗaya, har da 'yar rigar nan mai maɓalli uku, ta ɗora ruwan zafi.